Sana'ar Batir daga Gidan Rumji zuwa Gazawa: Tarihin Wutar da Ba Ta Biyo Waya Ba

A shekarar 1994 aka ja layin wuta mai ƙarfin kilobolt 132 daga Katsina zuwa Gazawa, daga can ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Maraɗi, ɗaya ya nufi Damagaram. Tun daga ranar Gazawa ta zama ƙofar da wutar Najeriya ke bi ta shiga tsakiyar Nijar. Amma duk wanda ya san ƙauyukan Gangara da Cadawa da Cadakori da Saye Sabuwa ya san cewa manyan wayoyin nan sun bi ta saman gonakin mutane ne kawai, ba su sauka cikin gidajensu ba. Har yau kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun wutar lantarki a Nijar, kuma mafi yawansu a birane suke. Duk da haka mutumin karkara bai zauna cikin duhu yana jira ba. Ya ji labarin duniya a rediyo, ya ji kiran salla ta lasifika, ya kalli bidiyo, ya kira ɗansa da ke ci-rani a Legas ko Agadas. Wutar da ta yi masa waɗannan ayyuka ba ta biyo waya ba, a cikin batir ta zo, bisa amalanke ko bayan keke ko kan jaki. Abin da nake son kafawa a nan shi ne, tarihin lantarki a gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji tarihin batir ne, kuma abin da ya sa wani yunƙuri ya ɗore wani ya mutu ba kyawun na'ura ba ne, samuwar hannun da ya iya kula da batir ne ko rashinsa.

Gyaɗa ce ta kawo batir na farko. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a farkon ƙarnin da ya wuce, gyaɗar ƙasar Maraɗi ta samu hanyar fita zuwa teku, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna, sannu a hankali manyan motoci suka karɓe dakon da raƙuma da jakuna ke yi. Bayan samun mulkin kai gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don ta riƙe cinikin, kuma a wannan zamani ne alhazan Maraɗi suka fara mallakar motoci nasu. Garuruwan da ke kan babbar hanya, Gidan Rumji da Tibiri da Cadawa da Agye da Gazawa, duk sun zama wuraren awo da lodi. Kowace mota kuwa tana ɗauke da akwatin dalma da asid, irin wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, wanda kuma ya zama wajibi ga mota tun da kamfanin Cadillac ya fito da tayar da inji da lantarki a 1912. Saboda haka malaman farko na wannan sana'a direbobi ne da karnukan mota da kanikawan tasha. Ba a aji suka koya ba. Mota ce ta ƙi tashi a tsakiyar daji da lodin gyaɗa, mutum ya koyi buɗe murfi ya leƙa ruwa, ya koyi kankare kan batir da wuƙa, ya koyi cewa batirin da aka bari ya kwana babu caji tsawon damina ba ya dawowa daidai.

Abin da suka koya da hannu yana da dalili, kuma dalilin bai canja ba tun zamanin Planté. Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne a jere, kowane yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya. A cikin kowane ɗaki akwai allunan dalma jiƙe cikin ruwan da kusan kashi ɗaya cikin uku nasa asid ne. Idan ana jan wuta, wani farin gishiri yakan hau kan allunan, idan aka yi caji sai ya narke ya koma cikin ruwa. Matsalar tana farawa ne idan aka bar batir a sauke kwana da kwanaki, domin gishirin yakan daskare ya yi tauri, caji ba ya iya narkar da shi, kuma duk wurin da ya rufe ya tashi daga aiki ke nan. A wajen caji kuma ruwa ne ke ƙonewa ya fita a matsayin iska, asid yana nan bai je ko'ina ba. Wannan ne ya sa ƙara asid a batirin da ruwansa ya ja baya ɓarna ce, tataccen ruwa kaɗai yake buƙata. Sai zafi: masu ƙera batir suna auna shekarunsa ne a kan zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage rayuwarsa da rabi. A ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, batirin da aka ajiye ƙarƙashin rufin kwano ya riga ya yi asarar rabin kwanansa kafin a yi masa wani laifi.

Hanya ta biyu da wuta ta bi ta shiga ƙauye ita ce ta ƙananan batura na cocila da rediyo. Rediyon Nijar ya fara aiki a 1958, shekara ɗaya bayan BBC ta buɗe sashen Hausa, kuma a 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo, wadda ta riƙa kai akwatuna da na'urorin ɗaukar magana cikin karkara. Ƙaramin rediyo mai aiki da pil ya yi arha, ya shiga aljihun manomi da makiyayi. Pil ɗin Wonder na Faransa ya yi zamaninsa, daga baya Tiger Head na ƙasar Sin ya cika teburan ƴan tireda a kowace kasuwa. Wannan ci gaba ne babba, amma ya koya wa jama'a wata ɗabi'a: a saya, a yi amfani har ya mutu, a shanya a rana ko a ɗan daddanna shi a ƙara kwana biyu, sannan a jefar a bola. Ga pil wannan daidai ne, domin ba a yi shi don a farfaɗo da shi ba. Illar ita ce da babban batir ya shigo gida daga baya, da wannan ɗabi'ar aka tarbe shi.

Gwamnati ma ta ci karo da matsalar batir tun da wuri. A 1964 Nijar ta fara koyar da yara ta talabijin, kuma makarantun ba su da wuta, sai da batura masu tsada da ake shigowa da su daga waje. Wannan tsada ce ta sa a 1968 aka gwada farantin sola a wata makaranta kusa da Yamai, gwajin da ya sa Nijar cikin ƙasashen farko a duniya da suka yi amfani da hasken rana don irin wannan aiki. Ƙasar tana da cibiyar binciken makamashin rana, ONERSOL, tun 1965, wadda Farfesa Abdou Moumouni ya shugabanta daga 1969 zuwa 1985. A zamanin Seyni Kountché an raba talabijin na jama'a masu aiki da sola a garuruwa da dama. Farantin sola yana iya yin shekara ashirin ko fiye yana aiki, batirin da ke ƙarƙashinsa kuwa ko an kula da shi sai an canja shi sau da yawa cikin wannan tsawon lokaci. Wanda ya kawo kaya yakan ɗaura ya tafi, ba tare da barin wanda zai duba ruwa kowane wata ba, ba kuma tare da asusun sayen sabon batir ba. Mutane sai su ce sola ta lalace, alhali farantin yana nan lafiya lau bisa rufi.

Yayin da kayan gwamnati ke mutuwa, jama'a sun samo tasu hanyar. Bayan farin 1968 zuwa 1974 ya karya noman gyaɗa, kasuwancin Maraɗi ya ƙara karkata ga Najeriya, kaya suka riƙa kwararowa ta Jibiya da Ɗan Isa: rakoda, kaset, amfilifaya, ƙaramin talabijin mai fari da baƙi, daga baya bidiyo da finafinan Kano. Duk waɗannan suna iya aiki da bolt 12, saboda haka tsohon batirin mota ya bar tasha ya shiga masallaci da wurin wa'azi da gidan biki da ɗakin kallo. A nan ne aka haifi mai cajin batir a matsayin sana'a mai zaman kanta: mutum mai janareta ko mai layin kamfanin wuta na NIGELEC a garin da wuta ta kai, wanda ake kawo wa batura ranar kasuwa, ya rubuta sunan mai shi da alli ko fenti, ya jera su ya haɗa. Sai dai akwai kuskure a tushen tsarin, wanda ba laifin kowa ba ne. Batirin mota an ƙera shi da allunan dalma sirara masu yawa, don ya ba da wuta mai ƙarfi na ƴan daƙiƙu, inji ya tashi ya mayar masa nan take. Ba a yi shi don a tsotse shi har ƙasa kowane dare ba. Batirin da aka yi don wannan wahala daban yake, allunansa masu kauri ne, kuma abin mamaki wasan masu kuɗi ne ya bunƙasa shi: ƙananan motocin lantarki da ke yawo da ƴan wasa a filin ƙwallon lambu, wato golf, a Amurka. Irin wannan mota tana ɗaukar batura shida masu bolt 6 ko 8 a jere, a sauke su da rana a cika su da dare, kuma masu su sun daɗe da sanin cewa batir ɗaya mai rauni ko kai ɗaya mai tsatsa yana jan sauran biyar ƙasa. Ƙa'idojin da suka tara su ne ainihin abin da mai shagon caji a Agye yake buƙata, amma ba su iso tare da kayan ba.

Wayar salula ta ninka komai. Tsakanin 2001 da 2006 sadarwa ta bazu a kasuwannin Nijar, kuma binciken masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ya nuna cewa bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari sakamakon haka. Ɗan kasuwar gero ko wake ko aya da wayarsa ta mutu ya rasa farashin ranar. Saboda haka caji ya tashi daga abin nishaɗi ya zama abin neman abinci. Sannan tsakanin 2010 da 2020 farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a duniya, har ya zama kayan tebur a kasuwannin mako. Yau a ƙauyen da babu turken wuta ko ɗaya za a ga rumfar caji, da firij na ruwan sanyi, da mai aski da inji, da tela mai aiki da dare. Batir ya zama wa wuta abin da rumbu yake ga hatsi: rana tana bayarwa a lokacinta, amma abin da za a ci da dare sai abin da aka iya adanawa, sai dai manomin da ya san ya liƙe rumbunsa ya ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, shi ne yake ajiye batirin da ya saya da kuɗin buhunan wake a kan turɓaya cikin rana.

Kulawar da ake magana a kai ba ta da tsada, kuma mafi yawanta a kan batir take, wato wurin da waya ke haɗuwa da dalma. Tururin asid yana fita ta gefen kan, ya ci tagullar waya, sai a ga farin gari ko kore-kore ya taru. Wannan gari yana tare hanyar wuta, wurin ya riƙa zafi, caji ya kasa cika, mai shi ya ɗauka batir ne ya mutu. Mafi muni shi ne al'adar naɗa tsirarar waya a kan batir, ko a buga ƙusa a matse, maimakon a sa maɗauri a ɗaure da sifana. Gyaran kuwa shi ne a kashe komai, a fara cire wayar baƙin kai kafin ta jan kai, a wanke garin da ruwan soda ko na kanwa, wadda ke kashe kaifin asid, tare da kiyaye kada ko ɗigo ya shiga cikin ɗakunan, a goge da burushin waya har dalma ta yi haske, a ɗaure daidai ba tare da murɗewa har kan ya tsage ba, a shafa basilin ko giris. A duba ruwa aƙalla sau ɗaya a wata, fiye da haka a bazara. Kada alluna su fito fili, kada kuma a cika har baki kafin caji domin ruwan yana kumbura ya zubo. Ruwan rijiya da na leda suna ɗauke da gishiri da ƙarfe masu kashe alluna. Batir cikakke da ya huta yana nuna bolt 12.6 ko 12.7 a mita, idan ya sauka wajen 12.1 ya kai rabi, kuma nan ya kamata a tsaya. Kada a haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya, kada a haɗa farantin sola kai tsaye ba tare da na'urar daidaita caji ba. Ɗakin caji kuma ya sha iska, a nisanta taba da ashana, domin iskar da batir ke fitarwa tana kamawa da wuta ta fasa akwatin a fuskar mutum.

Wani zai ce ana ɗora wa talaka laifin da ba nasa ba, domin kayan da ake kawo masa ne marasa kyau. Akwai gaskiya a nan. Kasuwa cike take da batura masu rubutun amfiya 200 a jiki alhali nauyinsu bai kai na 100 ba, da tsofaffin da aka wanke aka canja wa ruwa aka sayar a matsayin sababbi. Amma wannan hujja tana ƙarfafa maganata ne. Wa zai gane jabu in ba mai sana'a ba? Wanda ya san cewa dalma ce ƙarfin batir zai ɗora shi a sikeli kafin ya biya, zai auna shi da mita, zai duba ranar ƙira. Kuma mafi kyawun batirin Indiya mai dogayen alluna, idan aka shayar da shi ruwan rijiya aka bar shi a sauke, ba zai ga damina biyu ba. Akwai shaida daga wani ɓangare kuma. Fanfunan sola na ruwan sha, irin waɗanda shirin ƙungiyar CILSS ya kafa a ƙasashen Sahel daga 1990 da tallafin Turai, an tsara su ba tare da batir ba, ana tara ruwa a tanki maimakon tara wuta. Haka nan daga wajen 2010 hukumomin lafiya na duniya suka koma ga firij ɗin rigakafi mai tara ƙanƙara da rana, suka cire batir gaba ɗaya, saboda an ga cewa a nan kayan ke mutuwa. Injiniyoyi sun gudu daga batir inda za su iya. Mai haske da dare da mai cajin waya ba su da wurin gudu.

Hujja ta biyu ita ce zamanin dalma ya kusa wucewa, batirin litiyam ba ya shan ruwa, ba ya tsatsa, yana jure caji sau dubbai. Haka ne, kuma tun da Sony ya fito da shi kasuwa a 1991 farashinsa ke sauka. Amma kuɗinsa na farko har yanzu ya fi ƙarfin mafi yawan masu rumfa, kuma ko ya yi arha bai kawar da mai kula ba, ya canja masa aiki ne. Litiyam yana da ƙwaƙwalwar lantarki a ciki da ke lura da kowane ɗaki, yana buƙatar caja da ta dace da shi, yana ƙin zafi, kuma wanda aka harhaɗa daga tsofaffin ƙwayoyi yana iya kamawa da wuta cikin ɗakin kara. Kan waya mai sako-sako yana zafi ko a kan wane irin batir yake. Idan baburan kabu-kabu da adaidaita masu lantarki suka yawaita, kamar yadda tsadar fetur ke turawa tun da Najeriya ta cire tallafi a Mayun 2023, buƙatar ƙwararru za ta ƙaru ne.

Masu cewa a jira layin gwamnati kuwa, shekarar 2023 ta ba su amsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi, kuma ba a janye wannan takunkumi ba sai a Fabrairun 2024. Gidajen birni da suka raina sola suka bazama neman faranti da batir.

Saura ɓangaren da ya fi tayar da hankali, wato gawar batir. Kimanin kashi 85 cikin ɗari na dalmar da duniya ke amfani da ita batura ke cinye ta, kuma tana da daraja, shi ya sa ƴan gwangwan ke bin gida-gida suna saye. A Amurka kusan kashi 99 cikin ɗari na irin waɗannan batura suna komawa masana'anta a rufe. A nan kuwa sau da yawa ana fasa akwatin da gatari, a tuttular da asid a ƙasa, wani lokaci a narka dalmar a kan murhu a tsakar gida. A unguwar Thiaroye-sur-Mer ta Dakar, yara 18 ne suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda ƙurar dalma daga fasa tsofaffin batura. Mutanen Gidan Rumji kuma ba sa buƙatar a tuna musu da Zamfara, maƙwabciyarsu, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a 2010. Dalma ba ta ruɓewa a ƙasa, kuma yaron da ta shiga jininsa, ko bai mutu ba, tana rage masa kaifin ƙwaƙwalwa har abada. A kwarin Gulbin Kaba da Gulbin Maraɗi, inda ruwa ke kusa kuma ake noman rani, kowane batir da ya mutu cikin shekara ɗaya maimakon huɗu yana nufin gawa huɗu a inda ya kamata a samu ɗaya.

Maraɗi tana da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, tana da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, akwai cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi, akwai kuma hukumar ANPER da aka kafa a 2013 don kai wuta karkara. Kira na gare su da magadan gari da sarakunan Agye da Gazawa da Gobir shi ne su ɗauki kula da batir a matsayin sana'a mai suna, kamar walda da kanikanci. A tara masu rumfunan caji da ke aikin tun tuni a ba su horo na ƴan makonni cikin harshen Hausa, da mita da safar hannu da tabarau. Kada a sake karɓar wani aikin sola a makaranta ko gidan likita sai an rubuta sunan mai duba batir da inda kuɗin sabo zai fito. A kuma keɓe wuri a kowace babbar kasuwa inda za a karɓi mataccen batir da ruwansa a ciki, ba a fasa ba, a biya mai shi kuɗin da ya fi na ɗan gwangwan.